Ko akwai sauran alheri ga wadda ta san gaskiya ta kuma taka ta?

Wasiƙar da zan amsa a wannan makon ta fito ne daga wata 'yar'uwa da ta roƙi a sakaya sunanta, ga kuma abin da ta rubuta a taƙaice:

"Shekara goma sha huɗu ke nan ina hidima a ikkilisiyarmu. Na koyar da yara a makarantar Lahadi, ban cika rasa taron addu'a ba, kuma shekara biyar da suka wuce aka danƙa mini ajiyar kuɗin zumuntar mata. Akwai wata yarinya a ƙungiyar mawaƙa da ta yi ciki ba aure, aka sa ta a horo, ta tuba, aka maido da ita. Ni ce na fi kowa ɗaga murya cewa kada a bar ta ta sake tsayawa a gaban jama'a, har na faɗa mata a fuskarta cewa irinta ba su dace da bagaden Allah ba. Bara wata matsala ta taso mini a gida, na taɓa kuɗin da ke hannuna da niyyar in mayar kafin a sani. Da aka nemi rahoto sai na rubuta abin da ba haka yake ba. Daga baya na mayar da kuɗin duka, kuma har yau babu wanda ya sani. Amma wata takwas ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba. In na durƙusa zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi. Na ƙara azumi, na ƙara baiko, ban ji sauƙi ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, in na ga yarinyar nan tana waƙa da fara'a sai in ji haushi ya taso mini. Ina ganin Allah ya gaji da ni, domin na san gaskiya na kuma taka ta. Ko akwai sauran alheri ga munafuka irina?"

'Yar'uwa a cikin Ubangiji, zan fara da amsa tambayarki ta ƙarshe kai tsaye, domin kada ki karanta sauran maganata da zuciya a ɗaure: akwai alheri dominki, bai ragu ba, kuma tun farko ba da yawan shekarun hidimarki aka auna miki shi ba, balle a ce laifin bara ya cinye shi. Sai dai idan na tsaya a nan ban kyauta miki ba, domin na lura da wani abu a wasiƙarki wanda nake ganin shi ne tushen ciwon, kuma ke da kanki kin ɗora yatsa a kansa a inda kika ambaci haushin da kike ji idan yarinyar nan tana waƙa.

Kin raba rayuwarki gida biyu, shekarun da kike tsaye da watannin da kika faɗi, kina ganin macen farko mai girman kai ce, ta biyun kuwa ta ƙasƙantar da kanta ta san matsayinta. Ni mace ɗaya nake gani, riƙe da littafin lissafi ɗaya. Ke ma'aji ce, kin san yadda ake jera abin da ya shigo a gefe guda da abin da ya fita a ɗaya gefen. A da kina buɗe littafin nan ki tarar da shafin ribarki cike da taron addu'a da koyarwa da tsare kai, sai ki ce lalle Allah ya karɓe ni, ki leƙa shafin wata ki ga ya ɓaci, ki ce wannan ba ta dace ba. Yanzu kin buɗe kin ga giɓi a naki shafin, sai kika yanke wa kanki hukuncin da kika yanke mata, da ma'aunin da kika auna ta. Jimillar ce ta canza, amma littafin yana nan, alƙalamin kuma har yanzu a hannunki yake. Daga nan ne haushin yake tasowa, domin idan lissafi ne yake kai mutum gaban Allah, to farin cikin yarinyar nan rashin adalci ne: ta ci bashi mai yawa ga ta kuma tana waƙa kamar ba a bin ta komai, ke kuwa da kika yi shekara goma sha huɗu kina tarawa, faɗuwa ɗaya ta mai da ke baya. Zuciyarki tana ƙorafi ne a kan yadda Allah yake rabon alherinsa, ko da yake bakinki ba zai yarda ya furta hakan ba. Ban faɗi wannan domin in ƙara miki kaya ba, na faɗa ne domin wanda ya shafa wa ƙurji mai a sama ya bar mugunyar a ciki bai yi magani ba.

Yesu ya ba da labarin da ya yi daidai da halinki a Luka sura 15, labarin da yawancinmu muke karanta rabinsa mu rufe littafin. Wani mutum ne mai 'ya'ya biyu maza. Ƙaramin ya karɓi rabon gadonsa tun mahaifinsa yana da rai, ya tafi ƙasa mai nisa ya fatattaka dukiyar, har ya kai ga kiwon aladu yana marmarin abincinsu. Da hankalinsa ya dawo sai ya shirya jawabi mai gaɓa uku da zai yi wa mahaifinsa: na yi zunubi, ban isa a ƙara kirana ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin ma'aikatanka. Ki dubi gaɓa ta uku da kyau. Yaron nan yana dawowa ne da tsarin biyan bashi a cikin kansa, yana so a ba shi aiki ya ci guminsa, ya kwana tare da barori. Uban kuwa ya hango shi tun yana nesa, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, kuma kafin yaron ya kai ga maganar zama ma'aikaci, uban ya riga ya juya ga bayinsa yana cewa a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Bai musa cewa yaron ya yi zunubi ba. Tayin biyan ne bai tsaya ya saurara ba.

Babban ɗan yana gona a lokacin. Da ya dawo ya ji kiɗa da rawa, aka gaya masa dalili, sai ya fusata ya ƙi shiga. Ki saurari abin da ya gaya wa mahaifinsa: shekaru da yawa ina yi maka bauta, ban taɓa ƙetare umarninka ba, amma ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba. Ko "ɗan'uwana" bai iya cewa ba, "ɗan nan naka" ya ce. Kullum a gidan mahaifinsa yake kwana, duk abin da ke gidan nasa ne, amma a zuciyarsa ɗan ƙwadago ne mai ƙirga kwanakin aiki yana jiran lada. Kin ga ke nan cuta ɗaya ce take damun 'ya'yan biyu. Ƙaramin yana cewa ban yi aikin da zai sa a karɓe ni ba, babban yana cewa na yi aikin da ya wajabta a karɓe ni, kuma babu ɗayansu da ya gane cewa zama ɗa ba albashi ba ne. Ke kin yi shekaru a tsaye inda babban ya tsaya, yanzu kina kan hanya da jawabin ƙaramin a bakinki, amma da zarar kin ji muryar yarinyar nan daga wurin mawaƙa sai babban ya farka a cikinki. Abin da nake so ki riƙe shi ne, sau biyu uban ya fita waje a ranar nan. Ya fita da gudu domin almubazzarin, ya kuma bar biki ya fita yana lallashin mai adalcin kai, ya kira shi ɗana. Mukan yi wa'azi mai yawa a kan alherin Allah ga mashayi da mazinaci, mu manta cewa an ba da labarin nan ne a amsa wa Farisiyawa da malaman Attaura da suke gunaguni domin Yesu yana cin abinci da masu zunubi, wato masu hali irin wanda kike tuhumar kanki da shi.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma haka Bafarisiyen nan na Luka 18 ya yi a cikin Haikali, da ya gode wa Allah domin shi ba kamar sauran mutane yake ba, yana azumi sau biyu a mako, yana fid da ushirin duk abin da ya samu. Babu ƙarya a cikin abin da ya lissafa, kamar yadda babu ƙarya a shekarun da kika yi kina koyar da yara. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon Allah ya ji tausayinsa, shi mai zunubi, kuma Yesu ya ce shi ne ya koma gida baratacce, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci. Wataƙila kina ganin ke ce mai karɓar harajin nan yanzu, amma akwai bambanci babba a tsakaninku. Shi duk da kunyarsa ya zo, ya buɗe baki ya roƙa, ya kuma koma gida da gafara a ranar. Bai ce bari in yi wata takwas a waje in gyara kaina tukuna ba. Jin rashin cancanta da yake kai mutum ga roƙon jinƙai abu ne mai kyau ƙwarai. Wanda yake rufe wa mutum baki kuwa, har ya ce zunubina ya fi ƙarfin jinin Almasihu, wannan girman kai ne sanye da tsummoki.

Kin ce kin ƙara azumi, kin ƙara baiko, ba ki ji sauƙi ba. Ina ganin jinƙan Allah ne ya hana ki samun sauƙi ta wannan hanya, domin da kin samu, da kin koma kan littafinki kin rubuta "an biya", kin kuma fi dā taurin zuciya ga mai faɗuwa ta gaba. Azumi da bayarwa abubuwa ne masu kyau a hannun ɗa mai ƙaunar mahaifinsa, amma suna zama kaya mai karya wuya a hannun mai son ya sayi gafara. Manzo Bulus ya tambayi Galatiyawa ko bayan sun fara da Ruhu yanzu za su kammala da ƙoƙarin jiki, ya kuma ce a Galatiyawa 2:21 idan ta hanyar Shari'a ake samun adalci, to a banza Almasihu ya mutu. Bulus ya san wannan cuta daga ciki. A Filibiyawa sura 3 ya jera abin taƙamarsa, cewa an yi masa kaciya a rana ta takwas, shi ɗan kabilar Biliyaminu ne, Bafarisiye, marar aibi wajen kiyaye Shari'a, sa'an nan ya ce dukansu ya ɗauke su hasara domin a same shi a cikin Almasihu ba da adalcin kansa ba. Shi ɗin ne kuma ya ce a 1 Korintiyawa 15 bai isa a kira shi manzo ba domin ya tsananta wa ikkilisiyar Allah, amma a aya ta gaba ya ce da alherin Allah ya zama abin da yake, ya kuma ci gaba da aiki. Ya faɗi rashin cancantarsa a jimla ɗaya mai gaskiya, bai shimfiɗa tabarma ya zauna a kanta ba.

Ba ke ce ta farko da ta yi ƙoƙarin wanke lamirinta da ƙarin ibada ba. Martin Luta, wanda daga sunansa ikkilisiyar Lutaran ta samo nata, ya shiga gidan sufaye a Erfurt ta ƙasar Jamus a shekarar 1505, ya yi ta azumi da tsayuwar dare, yana zuwa furta zunubansa a kai a kai, wani lokaci ya shafe sa'o'i yana tono ƙananan laifuffuka, ya fito kuma ya tuna da wani ya koma. Shugabansa Staupitz ya yi ta mai da hankalinsa daga kan kansa zuwa ga raunukan Almasihu. Luta ya faɗa daga baya cewa ya tsani kalmar nan "adalcin Allah" da ke Romawa 1:17, domin yana jin ta a matsayin ma'aunin da Allah zai hukunta shi da shi, har ranar da ya gane cewa adalci ne da Allah yake bayarwa kyauta ga mai ba da gaskiya, ya ce a lokacin ya ji kamar an buɗe masa ƙofofin Firdausi. Wannan batu ya raba ikkilisiya ɗaruruwan shekaru, amma ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Ikkilisiyar Katolika da na Tarayyar Lutaran ta Duniya sun sa hannu a kan sanarwa guda, inda suka shaida tare cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wata cancanta tamu ba, Allah yake karɓar mu, ya kuma ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zuciya ya kira mu ga ayyuka nagari. Na kawo wannan ne domin ki san cewa abin da nake gaya miki ba sassaucin mutum ɗaya ba ne, kuma haka Afisawa 2:8-10 ta jera su tun farko: ceto kyauta ne domin kada kowa ya yi fahariya, ayyuka nagari kuma suna biyo baya.

Na dawo kan maganarki cewa kin san gaskiya kika taka ta. Na san ayar da take hana masu irin damuwarki barci, wato Ibraniyawa 10:26, wadda ta ce idan muka ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya domin zunubi. Ki karanta surar duka. Marubucin yana gargaɗin waɗanda suke shirin juya wa Almasihu baya gaba ɗaya, su taka Ɗan Allah, su mai da jinin alkawari abin banza, kuma wanda ya ƙi hadaya ɗaya tak da ake da ita lalle babu wata da ta rage masa. Mace da take kuka domin ta yi kewar teburin Ubangiji ba ita ake nufi ba. A cikin surar nan ɗaya, ayoyi kaɗan kafin wannan, an ce mu matso kusa da cikakken tabbaci saboda jinin Yesu. Sa'an nan ki tuna cewa manyan faɗuwar da Littafi Mai Tsarki ya ba da labarinsu na masu sani ne. Dawuda ya san Shari'a sarai lokacin da ya ɗauki matar Uriya ya kuma sa aka kashe mijin, da annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci ma sai ya fusata ya yanke wa mutumin hukunci, kafin a ce masa kai ne mutumin.

Bitrus ya fi kama da ke. Shi ne ya ce ko duka sun yi tuntuɓe shi ba zai yi ba, wato ya auna kansa da 'yan'uwansa ya ga ya fi su, kuma a daren nan, yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist, ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Yahuza ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa talatin ɗin da ya karɓa, amma ya kai nadamarsa wurin manyan firistoci waɗanda suka ce masa ina ruwanmu, bai kai ta wurin wanda ya ci amanarsa ba. Ban kwatanta ki da shi ba, ina so ne kawai ki ga cewa mayar da kuɗi, ko da yake wajibi ne kuma kin kyauta da kika yi, ba ya wanke lamiri. Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu a 2 Korintiyawa 7:10, na ibada wanda yake kai ga tuba da ceto, da na duniya wanda yake kai ga mutuwa, kuma ana gane su ne ta inda suke kai ƙafafun mutum. A Yohanna sura 21, da Bitrus ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku, faɗawa ruwa ya yi domin ya riga jirgin isa. Ya tarar da wata wutar gawayi, da kifi a kanta da gurasa. Yesu ya ciyar da shi tukuna, sa'an nan ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa fiye da waɗannan, kuma a wannan karon Bitrus bai auna kansa da kowa ba, cewa ya yi Ubangiji ka sani ina ƙaunarka. Sau uku aka tambaye shi, sau uku aka danƙa masa kiwon tumaki.

Game da Jibin Ubangiji, ina iya hango ki ranar Lahadi, ana zagayawa da gurasa layi layi, ta iso gabanki, ki sunkuyar da kai ki miƙa wa na kusa da ke, kina ganin girmama teburin kike yi. Na san 1 Korintiyawa 11:27 ce a ranki, inda aka yi gargaɗi a kan ci da sha da rashin cancanta. Ki duba abin da ke faruwa a Korinti da ya sa Bulus ya rubuta haka. Masu hali suna riga cin nasu abincin ba sa jiran kowa, wani yana jin yunwa wani ya bugu, suna kunyata waɗanda ba su da komai, suna raina ikkilisiyar Allah. Yadda ake ci ne Bulus ya tsawata a kai, bai ce sai marar zunubi zai matso ba, kuma umarninsa shi ne mutum ya gwada kansa sa'an nan ya ci. A nan ne zan faɗa miki magana mafi nauyi a cikin amsar nan. Abin da ya fi kama da laifin Korintiyawa a labarinki shi ne ranar da kika dubi 'yar'uwar da ta tuba, wadda ikkilisiya ta karɓa, kika ce irinta ba su dace da bagaden Allah ba, kuma a lokacin kina cin Jibi ba tare da zuciyarki ta tsaya ba. Na lura cewa kuɗin ne ya hana ki barci, maganar nan kuwa kin ambace ta ne a matsayin tarihi. Ina ganin kuɗin ya fi yi miki ciwo domin ya ɓata hoton da kike da shi na kanki, maganar kuwa wata ta yi wa rauni.

Saboda haka a cikin makon nan ki nemi yarinyar nan, ku biyu kaɗai. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 idan kana miƙa baiko a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Ki gaya mata ainihin abin da kika faɗa, ki ce kin yi kuskure kuma kin yi mata zunubi, ki roƙi gafararta, ba tare da "amma" ba, ba tare da bayanin cewa kishin gidan Allah ne ya sa ki ba. Ba dole ba ne ki ba ta labarin kuɗin, kada ma ki mai da zuwanki wata hanya ta sauke mata kayanki. Mai yiwuwa ta yafe nan take, mai yiwuwa kuma ta bukaci lokaci, domin magana irin wannan takan daɗe tana ci a zuciya, kuma ba ki da ikon gaggauta ta.

Sai batun rahoton. Kuɗin ya koma wurinsa, amma ƙaryar tana nan a rubuce, kuma muddin tana nan za ki riƙa jin kowace gaisuwar girmamawa da aka yi miki kamar sata ce. Shawarata ita ce ki je wurin fastonki, ko wata dattijuwa a cikin bangaskiya wadda kika tabbata tana iya riƙe magana, ki faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ki nuna shaidar cewa kin mayar, ki bar shugabanni su ga yadda za a gyara rahoton da kuma wanda ya kamata ya sani. Ba kowane zunubi ake shelarsa a gaban taro ba, amma amanar jama'a ce kika taɓa, don haka ba ke kaɗai za ki yanke yadda za a rufe maganar ba. Ki kuma nemi a sauke miki ajiyar kuɗin na wani lokaci, ki ba da shawarar a riƙa sa hannun mutum biyu a kan duk abin da zai shiga ko ya fita, domin hakan kariya ne ga duk wadda za ta gaje ki. Wataƙila a sa ki a horo kamar yadda aka sa yarinyar nan. Na san wannan ne abin da kike tsoro fiye da komai, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa kowa zai yi miki adalci da bakinsa ba. Amma Yakubu 5:16 ta haɗa furta zunubi ga juna da warkewa, kuma wata takwas na ɓoyo sun riga sun nuna miki abin da ɓoyon yake haifarwa.

Ina roƙonki kada ki ɗauki waɗannan biyun ki shigar da su a littafin lissafin a matsayin sabon biya. Ki tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko: sai da Yesu ya ce yau a gidanka zan sauka, sa'an nan ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Karɓa ce ta zo da fari, gyaran ya biyo bayanta. Gafararki tana kan alkawarin 1 Yohanna 1:9, cewa idan muka furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci kuma da zai gafarta mana, kuma za ki iya karɓar ta a daren yau a ɗakinki, tun kafin ki taka ƙofar kowa. Idan bakinki ya yi nauyi, ki buɗe Zabura 51 ko Zabura 130 ki karanta da murya, ki ari kalmomin waɗanda suka riga ki shiga wannan rami har naki su dawo. Ƙarin azumin nan kuwa ki dakatar da shi tukuna, har sai ya daina zama horon da kike yi wa kanki. Kada kuma ki jira sai kin ji a jikinki cewa an gafarta miki, domin ji yakan makara, kuma Yohanna ya ce ko zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma.

Akwai abu ɗaya da ba ki ambata ba wanda nake so ki duba da gaske. Idan a cikin watannin nan barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kin daina jin daɗin duk abin da kike so a da, ko tunanin laifi yana dawowa ba ƙaƙƙautawa duk yawan furtawarki, to ki ga likita tare da ganin fasto, domin ciwon damuwa cuta ce da ake magani, kuma neman maganinta ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa wani na kusa da ke a ranar.

Bayan kin je wurin yarinyar nan, kin kuma zauna da fastonki, ki bi abin da shugabannin ikkilisiyarki suka tsara game da lokacin komawarki teburin, amma kada ke ki ƙara wa kanki ko mako ɗaya a kan abin da suka ce. Ranar da gurasar ta iso gabanki, ki miƙa hannu ki ɗauka. Idan ita ce take waƙa a ranar, haushin zai iya leƙowa, domin tsohon hali ba ya mutuwa a dare ɗaya. Ki faɗa wa Allah shi a wurin, ki yi mata addu'a da sunanta, ki ci. Ki sake rubuto mini bayan kun gana da ita, ina so in ji yadda kuka yi.